Ƙanena da tramol: ciwo ne ko ganganci?

Wata baiwar Allah daga nan Damagaram ta aiko da wannan tambaya: "Ƙanena ɗan kabu-kabu ne, shekararsa 23. Yau shekara uku ke nan yana shan tramol. Ya sha dafa Alƙur'ani ya rantse ya bari, bayan sati ɗaya ko biyu sai ya koma. Kwanan baya ya yanke jiki ya faɗi a fada yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Baba ya ce iskanci ne kawai, da ya ga dama da ya bari, don haka ko a kai shi gidan mari ko ya tattara nasa ya bar masa gida. Inna ta ce yaron ba yin kansa ba ne, ciwo ne, a tausaya masa. Na rasa bayan wanda zan bi. Shaye-shaye ciwo ne, ko mutum ne ke zaɓar wa kansa?"

Ƴar'uwa, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri da kika tsaya a kan lamarinsa. Kafin in shiga gardamar Baba da Inna, bari in fara da faɗuwar nan, don ita ce ba ta jira.

Tramol magani ne na gaskiya. A Jamus aka haɗa shi a 1962, aka fara sayar da shi a 1977 don rage zafin ciwo. Likita yana rubuta miligiram 50 ko 100 a sha ɗaya, kuma ƙa'idarsa kada babban mutum ya wuce 400 a yini. Wanda ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa kuwa, ƙwaya ɗaya takan zo da 200, ko 225, ko 250. Ƙwaya biyu sun cika iyakar ko sun haura ta, alhali akwai samarin da ke watsa huɗu ko biyar cikin kofi tun da safe. Idan ya yi yawa a jini yakan tayar da irin wannan faɗuwa ko ga wanda ba shi da farfaɗiya a danginsa. Wannan karon a fada ta same shi, yana zaune. In ta same shi a kan moto da fasinja a baya, kin san sauran. Saboda haka, ko wane ne ya yi gaskiya tsakanin iyayenku, a kai shi asibiti cikin satin nan, kuma a faɗa wa likita sunan abin da yake sha da yawansa, ba tare da ɓoye-ɓoye ba. In ya sake faɗuwa kafin nan, a kwantar da shi ta gefe, a janye abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu yana cikin wannan hali. In shure-shuren ya kai minti 5 bai lafa ba, sai asibiti nan take.

To, ga matsayina a matsayin wanda aikinsa kula da irin waɗannan marasa lafiya. Ciwo ne, amma irin ciwon da ke kama wurin da mutum yake yanke shawara da shi. Bai ƙwace masa zaɓi duka ba, ya dai raunana shi, ya karkatar da shi gefe guda. Kuma maganinsa dole ta wannan ragowar zaɓin zai bi, babu wata hanya. Shi ya sa nake ganin kowane ɗaya cikin iyayenku ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma in aka bi ɗayansu shi kaɗai har ƙarshe, yaron ne zai kwana a ciki.

Hujjar Baba ba ƙarama ba ce, kuma duk shekara muna ganinta da idonmu. Mutumin da ba ya iya awa biyu bai kunna sigari ba, in watan azumi ya kama sai ya kame tun daga asuba har faɗuwar rana, kwana 29 ko 30, ba ɗan sanda a kansa. Mai zazzaɓin cizon sauro ba zai iya ce wa zazzaɓin ya dakata sai an sha ruwa ba. Wannan bambanci ne na gaske. Amma ki lura da mutumin nan da magariba. Wani kafin ya kai dabino baki ya riga ya laluba aljihu. Ya iya riƙewa na awoyi goma sha uku ko sha huɗu saboda dalili mai nauyi da lokaci ƙayyadadde, kuma kowa a garin yana riƙe da nasa bakin. Ranar salla kuwa ya koma inda ya tsaya.

Akwai wani bincike da ya fi kowanne ƙarfafa ɓangaren Baba, ko da yake ba yadda shi yake zato ba. Lokacin yaƙin Biyetnam, sojojin Amurka da yawa sun faɗa shan hiroyin, wadda dangin morfin ce, wato maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, kuma ta fi tramol ƙarfi nesa ba kusa ba. A 1971 gwamnatinsu ta tsorata, ta kafa doka cewa ba sojan da zai hau jirgin komawa gida sai an gwada fitsarinsa. Aka sa wata mai bincike, Lee Robins, ta bi sawun waɗanda suka dawo. Ta samu kusan ɗaya cikin biyar ya kamu da ita a can. Kowa ya ɗauka za su cika titunan Amurka da maye. Sai ga shi a shekarar farko da dawowarsu kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake kamuwa, cikin shekara uku kuma kusan kashi 12. A daidai wannan zamanin, masu shan hiroyin da ake kwantarwa a asibitocin Amurka a sallame su zuwa unguwanninsu, mafi yawansu komawa suke yi.

Ƙwaya iri ɗaya ce, ƙwaƙwalwar ɗan Adam iri ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne inda kowa ya koma. Sojan ya bar fagen yaƙi, da tsoro, da zaman jiran mutuwa, da arahar ƙwaya, da abokan da suke sha tare, ya dawo ya tarar da uwa, da budurwa, da aiki. Wancan kuwa an mayar da shi kan tabarmar da ya tashi daga kai. Wannan binciken nake so ki riƙe, don shi ne ya fi kama da lamarin ƙanenki. Duk lokacin da ya rantse ya bari, washegari wace tasha yake komawa, wace fada yake zama da dare, wa yake miƙo masa kofin shayi? Rantsuwar ba ta canja ko ɗaya daga ciki ba.

Masu ra'ayin cewa shaye-shaye zaɓi ne, irin su masanin halayyar ɗan Adam Gene Heyman, suna ƙarawa da cewa manyan ƙididdigar da aka yi a Amurka sun nuna yawancin waɗanda suka taɓa kamuwa da ƙwaya suna bari, da yawa ma ba su taɓa zuwa asibiti ba, kuma galibi in girma ya zo ne, da aure da ƴaƴa da abin yi. Haka nan a farkon shekarun 1990 wani mai bincike, Stephen Higgins, ya gwada wata dabara a jihar Vermont: duk mai shan hodar iblis da aka gwada fitsarinsa aka ga babu komai, a ba shi takardar sayen kaya, in ya ɗore ladan ya ƙaru. Dabarar ta yi aiki, har yau tana cikin waɗanda suka fi amfani. Ba a taɓa jin lada ya saukar da hawan jini ba. In lada yana sa mutum ya rage sha, to akwai sauran linzami a hannunsa.

Sai dai Inna ma ba tausayin uwa kaɗai ke magana a bakinta ba. Ga abin da ke faruwa a jikin ɗanta. Tramol yana aiki ta hanya biyu. Hanta tana juya shi ya koma wani sinadari da ke kama wuraren da morfin ke kamawa a ƙwaƙwalwa, sai ciwo ya lafa, jiki ya yi sanyi. Sannan yana ɗaga wasu sinadarai masu sa kuzari da walwala, shi ya sa mai shansa yake jin zai iya wuni a rana bai gaji ba. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta son a riƙa tura ta gefe guda. In abin ya zama kullum, sai ta rage nata da take samarwa, ta kuma toshe wasu ƙofofin karɓar saƙon. Daga nan ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai uku. In kuma babu, sai jiki ya faɗa ƙasa da inda yake kafin a fara: ciwon gaɓoɓi da baya, zufa da sanyi a lokaci guda, hamma, majina, gudawa, ƙafafu su ƙi tsayawa wuri ɗaya, barci ya gagara. Saboda waccan hanya ta biyu, wasu har da faɗuwar gaba da tsoro marar dalili da ruɗewa. Yakan fara cikin yini guda da shan ƙarshe, ya yi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya sassauta wajen sati. Rashin barci da rashin jin daɗin komai kuwa sukan ja makonni. Kin ce yakan yi sati ɗaya ko biyu ya koma. Ban yi mamaki ba, nan ne ramin da yawancinsu ke faɗawa. A wannan matakin yaron ya daina neman daɗi, so yake kawai ya ji shi kamar sauran mutane, ya iya tashi ya tayar da moto.

Hotunan ƙwaƙwalwa da wata likita mai bincike, Nora Volkow, da abokan aikinta suka ɗauka sun nuna raguwar ƙofofin dofamin, wato sinadarin da ke sa mutum ya himmatu ga abu, a wajen waɗanda suka daɗe suna sha. Wani masanin ƙwaƙwalwa, Kent Berridge, kuma ya nuna cewa kwaɗayin abu da jin daɗinsa ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba, ɗaya yana iya hauhawa ɗayan yana mutuwa. Wannan shi ke fassara maganar da nake ji kusan kullum: "Wallahi likita ba na ma jin daɗinta yanzu, amma in na ga mai sayarwa sai in ji ƙafata ta tafi." Ba ƙarya yake yi ba. Haka ma rantsuwar ƙanenki, ina kyautata zaton da zuciya ɗaya ya yi ta.

Tun da ɗan kabu-kabu ne, ki kwatanta masa da abin da ya sani. Moton da birkinsa ya cinye yana tsayawa a shimfiɗaɗɗiyar hanya in an taka da wuri. A gangara da kaya a baya kuwa, takawa kaɗai ba ta isa. Mai moton yana kai, hannunsa na kan kan moto, shi ya zaɓi hanyar, kuma shi za a tambaya in ya buge wani. Amma wanda ya tsaya gefe yana ihu "ka taka mana!" bai gyara komai ba. Birkin nan a jikin mutum yana gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, kuma ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 25. Ƙanenki ya fara yana da 20.

Ba kuma kowa ne ƙwayar ke kamawa daidai ba. Binciken tagwaye da na iyalai ya nuna gado yana da rabon kusan kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na haɗarin kamuwa. A maƙwabciyarmu Najeriya, ƙididdigar da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta 2018, ta samu mutum miliyan 14.3 sun sha wata ƙwaya cikin shekara guda, amma kusan ɗaya cikin biyar ne abin ya zame masa ciwo. Samari biyar za su karɓi ƙwaya daga hannu ɗaya a fada ɗaya, huɗu su wuce, ɗaya ya maƙale. Wanda ya maƙale ɗin bai fi sauran lalacewa ba. Sau da yawa ma in an tona sai a tarar da wani abu a ƙasa: damuwa mai tsanani, ciwon baya na gaske daga wunin kan moto, ko matsalar kwanciyar iyali da yake jin kunyar faɗa, don wasu saboda ita suke fara sha. In ba a taɓa wannan tushen ba, aikin banza ake yi.

Ƙungiyar likitocin Amurka ta amince shan giya marar iyaka ciwo ne tun 1956, a 1997 kuma wani masani, Alan Leshner, ya yayata kiran shaye-shaye ciwon ƙwaƙwalwa. Na yarda da amfanin wannan suna, don ya fitar da mutane da yawa daga gidan kaso zuwa asibiti. Inda nake ja da baya shi ne in aka mayar da shi hujjar naɗe hannu. Na ga gidajen da kalmar "ciwo" ta zama bargo: uwa tana biyan bashin ɗa a ɓoye, tana ba shi jika guda "na mai" alhali ta san inda za ta, tana rufa masa asiri wajen uba. Na ga kuma saurayin da ya koyi cewa "ai ciwo gare ni" duk lokacin da aka tambaye shi kuɗin balas. Mai ciwon suga ba a zaginsa don ya kamu, ko da shi ya yi ta ɗura wa kansa zaƙi shekara da shekaru, amma ana tsare shi da ido a kan shan magani da kiyaye abinci, in ya yi sakaci kuma a faɗa masa. Wani nazari da aka buga a 2000 ya nuna masu komawa shaye-shaye bayan magani kashi 40 zuwa 60 ne, kusan daidai da masu hawan jini da asma da ciwonsu ke tashi bayan an shawo kansa. Ba wanda ke korar mai hawan jini daga gida don jininsa ya sake hawa.

Na san Baba zai kawo addini, kuma ya kamata ya kawo. Ni ba malami ba ne, amma wannan sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malamai. Abin maye haramun ne, mai sha yana da laifi, babu ja. Amma haramcin giya bai sauka rana ɗaya ba. An fara da cewa zunubinta ya fi amfaninta a Baƙara, aka hana kusantar salla cikin maye a Nisa'i, sannan hani na ƙarshe ya zo a Ma'ida. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce da abin da ya fara sauka shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za mu taɓa barinta ba. Akwai kuma sahabin nan da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda sha, ana yi masa hukunci yana komawa. Da wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, ba a tsine masa ba, ba a kuma fitar da shi daga cikin jama'a ba. In akwai malamin da Baba yake jin nauyinsa, shi ya fi dacewa ya tuna masa da wannan, ba ke ba. Addu'a da roƙon Allah kuwa a yi ta yi, ba su hana zuwa asibiti.

Gidan mari dai ban ba da shawararsa ba ko kaɗan. Mun ga abin da aka bankaɗo a ƙetaren iyaka a 2019, lokacin da ƴan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, bayan ƴan makonni kuma aka sake ganin irinsa a Daura, nan kusa da mu. Ko a ce ba duka ba yunwa, ɗaurewa tana raba mutum da ƙwaya ne kawai na tsawon ɗaurin. Ba ta koya masa wucewa ta gaban mai sayarwa da kuɗi a aljihu. Akwai kuma haɗarin da iyaye ba su sani ba: wanda ya yi wata biyu ko uku bai sha ba, jikinsa ya manta da sabon da ya yi. In ya fito ya watsa adadin da ya saba, wannan adadin yana iya kashe shi. Kora daga gida ita ma tura shi ce ga mutanen da kaɗai za su karɓe shi hannu biyu, kin kuwa san su wane ne.

Abin da zan so ku yi shi ne ku haɗa tsananin Baba da tausayin Inna a kan sharaɗi guda, su daina ja wa juna. A je asibitin unguwa, in ya fi ƙarfinsu za su tura ku wajen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a babban asibiti, kuma zuwa can ba ya nufin an ce mahaukaci ne. Kada a sa shi ya yanke sha dare ɗaya bayan shekara uku. Likita ne zai tsara ragewa sannu a hankali, ya ba shi abin da zai sassauta ciwon jiki da gudawa da rashin barci. A tambaye shi da kyau ko yana haɗawa da diyazefam, wato maganin barci, ko giya ko maganin tari mai kodin. Haɗin yana iya tsayar da numfashi, kuma yanke diyazefam ko giya farat ɗaya ga wanda ya saba ya fi yanke tramol haɗari, yana iya kisa.

Moton kuma a karɓi makullinsa har sai likita ya ce ya hau. Wannan ba horo ba ne, kare ransa ne da na fasinja. Amma kada a karɓe a bar shi zaune, don zaman banza da aljihu wayam su ne gangarar da na faɗa. A nema masa inda zai wuni: shagon kawu a kasuwar Dole, garejin wani amintacce, ko lambu in kuna da dangi a wajen Mirriya, ko da na wata biyu ne, nesa da tashar da fadar. Kuɗi kada su riƙa bi ta hannunsa da yawa a farko, a saya masa abin da yake buƙata. Baba ya faɗa masa a fili abin da zai samu in ya ɗore, da lokacin da zai same shi: makullin moto bayan kaza, maganar aure bayan kaza. Alkawari na kusa wanda ake cikawa ya fi masa amfani a yanzu fiye da barazanar abin da zai faru da shi nan da shekara goma, don ƙwaƙwalwar da ƙwaya ta taɓa ba ta hangen nesa sosai.

Ku kuma yi shirin komawarsa tun kafin ta faru, don mai yiwuwa ne ta faru. Ku daina sa shi dafa Alƙur'ani. In ya karya, nauyin rantsuwar da kunyar su ke sa ya ɓoye, ɓoyewar kuma ita ke mayar da kuskuren kwana ɗaya ya zama na wata shida. Ku yi yarjejeniya da shi cewa in ya zame ya faɗa wa mutum ɗaya a gidan cikin yinin, ba duka ba gori, a koma wajen likita washegari, a ɗaga ranar mayar masa da makulli. Ga yadda kika rubuto, ina ganin ke ce wannan mutum ɗin. Ki same shi da safe, lokacin da idonsa yake a buɗe, ba da dare in ya dawo ba, kuma tambayar farko da za ki yi masa ita ce guda nawa yake sha a yini da kuma mene ne lambar da ke jikin fakitin, don da wannan likita zai fara lissafin ragewar.